Ina Zaman Shagon POS Bayan Lakca, Amma Ban Ga Daɗin Da Nake Gani A Fim Ba

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗalibi ne ɗan shekara 22, ina karatun akanta a wata jami'ar gwamnati, saura mini zango uku in gama. Mahaifinmu ya rasu ina aji ɗaya. Tun ina sakandare nake son fina-finan barkwanci masu dogon zango na Amurka da ake yi a kan rayuwar ɗaliban jami'a. A ciki za ki ga ɗalibi yana aiki a shagon shayi ko gidan abinci bayan lakca, a can yake samun abokai, maigidansa ya zame masa uba, har ya gano abin da yake so ya zama a rayuwa. Wannan ne ya ƙarfafa mini gwiwa na nemi aiki. Wani aminin mahaifina ya ba ni zaman shagon POS ɗinsa a bakin ƙofar makaranta, daga ƙarfe 2 na rana zuwa 10 na dare, kwana shida a mako, a kan naira 30,000 a wata. Ina tura wa Umma 10,000, sauran in ci abinci, in hau mota, in sayi takardu. Kusan shekara guda ke nan, ni dai ban ga daɗin ba, sai gajiya da zagin kwastomomi idan netwok ya ɗauke. Watan jiya wani ya nuna mini alat na bogi na 18,000, Alhaji ya cire a albashina. Makina ya sauko daga 3.7 zuwa 3.3, na kuma faɗi kwas ɗaya. 'Yan ajinmu sun daina kiran sunana, sai "mai POS". Umma ba ta san halin da karatun yake ciki ba, kuma ina jin nauyin yi wa Alhaji magana. Shin ni ne ban iya ganin alherin aiki ba, ko aikin ne bai karɓe ni ba? In bari ko in daure?

Daga ɗanki, wani ɗalibi.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya kai haske kabarinsa, kai kuma Ya yi maka albarka da wannan ɗawainiya da ka ɗauka tun ba a ce ka ɗauka ba. Bari in fara kwantar maka da hankali a kan tambayarka ta farko: lafiyarka ƙalau, babu abin da ya samu zuciyarka. Wanda ya fito daga lakca ya zauna awa takwas a keji yana ƙirga kuɗin mutane, in ya ce ya gaji, gaskiya ya faɗa, ba rashin godiyar Allah ba ne.

Tunda akanta kake karantawa, mu yi lissafi. Awa 8 sau kwana 6, awa 48 ke nan a mako. Ma'aikacin gwamnati da ke shiga ofis ƙarfe 8 na safe ya tashi 4 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, awa 40 yake yi. Ka ga kai da kake ɗaukar abin a matsayin ɗan aikin bayan lakca, ka fi cikakken ma'aikaci daɗewa a bakin aiki. In ka raba naira 30,000 a kan awa 208 da kake yi a wata, kowace awa ba ta kai naira 150 ba. Waccan 18,000 da aka cire maka kuwa, guminka ne na sama da kwana 15. Riƙe waɗannan alƙaluma, za su yi maka amfani ranar da za ka zauna da Alhaji.

To, fina-finan nan da suka sa ka shiga harkar. Ba zan ce maka ƙarya zalla suke yi ba, domin ɗaliban Amurka da dama suna aiki da gaske. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ilimi ta ƙasar sun nuna cewa a 2020 kusan kashi 40 cikin 100 na ɗaliban da ke cikakken karatun digirin farko suna da aikin yi a gefe. Abin da nake so ka lura da shi shi ne yadda ake haɗa shirin. Kowane kashi na irin wannan wasan barkwanci minti 22 ne ko kusa da haka, ragowar rabin awar ta talla ce. Masu rubuta labarin suna buƙatar wuri guda da duk 'yan wasa za su riƙa haɗuwa ba sai an gina sabon ɗaki kowane mako ba, kuma shagon shayi ko gidan abincin makaranta shi ya fi sauƙi. Shi ya sa ake ba ɗaya daga cikin taurarin aiki a wurin, don a samu hujjar da za ta sa kullum yana nan idan abokansa sun shigo. In ka sake kallo, ka zuba ido sosai. Za ka ga yarinya tsaye bayan kanta da tsumma a hannu, tana ta goge wuri ɗaya, ƙawayenta sun jingina suna ba ta labari. Kwastoma ɗaya tak zai zo, shi ma don ya faɗi abin dariya ya wuce. Ba za a nuna maka layi ba, ba za a nuna ƙafarta ta kumbura ba, ba za a nuna ta da dare tana ƙirga ciniki ya ƙi cika ba. Awa shida na aikinta an matse su sun koma minti uku, kuma minti ukun da aka zaɓa su ne waɗanda abu mai daɗi ya faru a cikinsu. Kai kuwa dukkan awowin kake zama, har da waɗanda su suka yanke suka zubar.

Akwai wani tsohon shiri da tashar NBC ta nuna daga 1987 zuwa 1993, A Different World, a kan wata ƙirƙirarriyar kwalejin baƙaƙen fata mai suna Hillman a jihar Virginia. Gidan abincin ɗalibai na cikin shirin wani dattijo ne ke riƙe da shi, Mista Gaines, mai faɗa amma mai tausayi, kuma wata ɗaliba Kim, mai shirin karatun likita, tana aiki a ƙarƙashinsa. Ina jin irin wannan maigidan kake kwatantawa a wasiƙarka. Na kawo shi ne don yana cikin waɗanda suka fi kusantar gaskiya, ya nuna ɗalibai suna fama da kuɗin makaranta. Amma ko a nan, duba abin da aka shimfiɗa wa Kim. Wurin aikin a cikin makaranta yake, taku kaɗan daga ɗakin kwananta. Masu sayen abincin 'yan'uwanta ɗalibai ne. Maigidan kuma ya san karatu ne ya kawo ta garin, ba soya nama ba.

Wannan shimfiɗar tana da tushe a zahiri. Tun 1964 gwamnatin tarayyar Amurka take da tsarin da take biyan kaso mafi tsoka na ladan ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi waɗanda ke aiki a ɗakin karatu, ko kicin, ko ofisoshin makarantarsu. Da awa ake biya, kuma ba a sauka ƙasa da mafi ƙarancin lada, wanda a matakin tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, jihohi da yawa kuma sun ɗara haka. Ɗalibin da ya je daga ƙasar waje da bizar karatu, doka ta hana shi wuce awa 20 a mako muddin ana zangon karatu. Kai kana yin ninkin wannan har da ɗori. Kada kuma ka ɗauka can komai zam-zam ne. Ladan irin wannan aiki ba ya biyan kuɗin makaranta, shi ya sa bashin karatu da ke kan Amurkawa ya haura dala tiriliyan 1.6, kuma akwai ɗalibai da yawa da ke aikin dare a wajen makaranta suna gyangyaɗi a aji kamar yadda na tabbata kai ma kana yi. Labarinsu ba ya ba da dariya, don haka ba kasafai ake ɗora shiri a kansa ba.

Abin da nake son ka fahimta, ɗana, shi ne daɗin aikin da kake gani a allo yana da sharuɗɗa: awowi masu iyaka, wurin aiki kusa da aji, da maigida da ya amince karatu ne a gaba. Ba ka samu ko ɗaya cikakke ba, sai ka juya kana tuhumar kanka. Matsalarka ta awowi ce da ƙa'idar aiki, kuma wannan abu ne da ake iya gyarawa da magana.

Duk da haka akwai inda fina-finan suka faɗi gaskiya, kuma ba na so gajiya ta rufe maka ido a kai. Aiki yana koya wa mutum abin da aji ba ya koyarwa. Ka tuna tsohuwar da takan zo da katin ɗanta a ƙulle a bakin zani, ta kwance ta miƙo maka, ta ce cire mata dubu biyar, ba ta ko ƙirga abin da ka ba ta saboda ta yarda da kai. Ka tuna magidancin da banki ya zare wa kuɗi na'ura kuma ta ce ciniki bai shiga ba, ya taso maka da faɗa, ka lallashe shi, ka yago masa rasit, ka nuna masa yadda zai bi kuɗinsa. Yawancin 'yan ajinku a takarda kawai suka san daidaita lissafin kuɗi, kai kuwa kowane dare kana yi da hannunka, kuma ka san zafin a ce dubu biyu ta ɓace. Ga kuma 10,000 da ke shiga hannun Umma duk wata. Manzon Allah (SAW) ya yi kiwon tumakin mutanen Makka a kan lada, kuma ya ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri da ya roƙi mutane. A ƙasar Hausa ma haɗa karatu da sana'a ba baƙon abu ba ne, malamai nawa suka yi karatun zaure da ɗinkin hula a hannu. Saboda haka maganar masu ce maka "mai POS" ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Mafi yawansu tsokana ce ta ƙuruciya, ka amsa da fara'a. Wanda ya mayar da ita wulaƙanci, ka ja shi gefe sau ɗaya ka ce masa sunanka ka fi so, ka wuce.

Sai dai ba zan lulluɓe maka gaskiya da daɗin baki ba. Ka shiga aikin nan ne don karatu ya yiwu, yanzu kuma aikin yana cin karatun, kada garin neman gira a rasa ido. A ma'aunin maki 5 da jami'o'inmu ke amfani da shi, 3.50 ita ce iyakar digiri mai daraja ta biyu babba, kai kuma ka faɗo ƙasa da ita. In nauyin kwasa-kwasan zangunan ya yi kusan daidai, sai ka riƙa cin 3.84 zuwa sama a kowane ɗaya daga cikin zango ukun da suka rage kafin ka koma 3.50. Abu ne mai yiwuwa ga wanda ya taɓa riƙe 3.7, amma ba ga wanda ke barin makaranta ƙarfe 2 kullum ba. Lakcocin yamma suna wuce ka, gwaje-gwajen bazata suna wuce ka, kuma jami'o'i da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin 100 na lakca kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa. Ga aji huɗu yana tafe da aikin binciken kammalawa. In aka ci gaba a haka, ina jin tsoron ƙarin shekara, kuma kuɗin rajista da na zama na shekara guda sun isa su cinye abin da ka tara a shagon.

Don haka amsata ba "bari" ba ce kai tsaye, ba kuma "daure" ba ce. Ka rage. Amma kafin ka je wurin Alhaji, fara da Umma. Na san abin da ke hana ka: kana ganin ta sha wahala, ba ka son ƙara mata damuwa. Ka sani, uwar da ta rasa miji ta ga ɗanta ya kai aji uku a jami'a, babu abin da take jira kamar ranar da zai kammala. In ka ɓoye mata yau, ranar da sakamako ya fito da ƙarin shekara zafin zai ninka, har da na cewa ba ka gaya mata ba. Ka je gida in da hali, kada ka yi ta waya. Ka nuna mata makin, ka bayyana mata ma'anarsa, ka ce kana so ka rage aiki na shekara ɗaya da rabi, kuma abin da kake turowa zai iya raguwa. Ka tambaye ta me 10,000 ɗin take toshewa a gidan. Wataƙila cefane ne da ba makawa, wataƙila kuma adashi take zuba maka da ita ba ka sani ba. Sai kun yi maganar za ka san girman giɓin.

Shi kuma Alhaji, mu yi masa adalci. Mutum ne da ya tuna abota bayan mutuwa, ya damƙa maka na'ura da jarinsa, abin da ba kowa ake ba ba. Ribar POS 'yar ɗari ɗaya ce ko biyu a kan ciniki, ga kuɗin caji, ga wahalar samo tsabar kuɗi, don haka 18,000 ba ƙaramar asara ba ce a wurinsa shi ma. Mai yiwuwa ne bai ma taɓa zama ya lissafa cewa lakcarka tana kaiwa yamma ba, tunda kai ba ka faɗa ba. Ta fuskar doka ba ka da abin riƙewa sosai, domin dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Abin da kake da shi shi ne mutunci da zumunci, kuma a wurin irin su Alhaji sun fi takardar doka aiki.

Kada ka tare shi a shago ana tsakiyar ciniki. Ka same shi a gida bayan la'asar ko ranar Juma'a, in kana jin nauyi ka tafi da kawunka ko baffanka. Ka fara da godiya, sannan ka ce, "Baba, karatun ya fara taɓuwa, ga sakamakona, na zo neman shawararka." Dattijo in aka zo masa ta ƙofar shawara ya fi saurin sassautowa fiye da in aka zo da koke. Ka tafi da tsari a hannu: yamma uku a mako daga ƙarfe 4 zuwa 9, da yinin Asabar, wanda zai kama awa 23 ko 24, a kan rabin albashi. Sauran lokacin a samo wani ya riƙe, kai ma kana iya kawo ɗalibi amintacce ku raba. Ka roƙi hutun mako biyu kafin jarrabawa, ka yi alkawarin cikakken zama lokacin hutun zango. Sannan ka miƙa masa wani tayi da nake ganin zai canza maka ɗanɗanon aikin gaba ɗaya: in yana da wasu shagunan, ka karɓi rubuta masa littafin shiga da fita na mako-mako, ka riƙa fitar masa da riba da asara a takarda ɗaya. Wannan aikin akanta ne na gaske, zai shiga takardar neman aikinka gobe, kuma shi ne zai sa ya fara kallonka a matsayin mai ilimin da yake buƙata.

Maganar cire kuɗi kuwa, ku yi mata ƙa'ida tun yanzu. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda aka ɗauka aiki aka damƙa masa dukiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare umarni. To tambayar ita ce, an taɓa gaya maka kada ka saki kuɗi sai ka ga sun shiga asusu? In an gaya maka ka saki, akwai laifinka. In ba a taɓa ba, akwai hujjar a raba asarar, ko aƙalla a riƙa cira kaɗan-kaɗan maimakon a kwashe fiye da rabin albashi a wata ɗaya. Ni da zan ba ka shawara, kada ka sa dawo da 18,000 ɗin a gaba, ka sa ƙa'idar gobe. Kai ma daga yau kada hoton tiransifa a wayar kwastoma ko saƙon tes ya sa ka miƙa ko sisi. Sai ka buɗe na'urarka ko manhajar ka ga kuɗin sun zauna, komai tsawon layi, komai rantsuwar mai shi. Ka riƙe littafi, ka rubuta abin da ka karɓa da abin da ka miƙa a farkon zama da ƙarshensa, wanda ya karɓe ka ya sa hannu.

Saura giɓin 15,000. Tunda jami'ar gwamnati kake, ka duba asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata na kashewa. Babu kuɗin ruwa a kai, kuma biya yana farawa ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Za a nemi lambar JAMB, da NIN, da BVN, da lambarka ta makaranta. Bashi ne dai, ba kyauta ba, don haka ka sa Umma a cikin shawarar, kuma kuɗin kan yi jinkiri, kada ka gina cefanen gida a kan ranar shigarsu. Ka leƙa hukumar tallafin karatu ta jiharku. Ka je ofishin kula da harkokin ɗalibai ka tambaya ko makarantarku tana da tsarin ba ɗalibai aiki a cikin harabarta, domin Jami'ar Legas ta daɗe da irinsa, Jami'ar Bayero ma ta sanar da nata a 2023. In akwai, shi ne mafi kusa da abin da kake gani a fim, kuma maraya mai maki irin naka yana da hujjar nema. Ka kuma ga malamin da ke kula da ajinku tun kafin rajistar zango mai zuwa, ku tsara inda za ka saka kwas ɗin da ka faɗi ba tare da kaya sun yi maka yawa ba.

In Alhaji ya ce shi cikakken zama yake so ko babu, kada ka yi fushi, haƙƙinsa ne. Ka ba shi wata guda ya nemi wani, ka koya wa sabon aikin, ka miƙa lissafi cif-cif, ku rabu kana gaishe shi yana sa maka albarka. A cikin watan ka nemi gidaje biyu da za ka riƙa koya wa yara lissafi da yamma sau uku a mako, ko 'yan kasuwa biyu zuwa uku da za ka riƙa daidaita musu littafi ranar Asabar. Kuɗin ba lallai su kai na shago ba da farko, amma lokacin lakcarka zai dawo hannunka. Kada dai ka bar zango mai zuwa ya fara kana kan awa 48. Allah Ya buɗa maka, Ya ba ka sa'ar jarrabawa, Ya ba Umma tsawon rai ta ga ranar da za ka kammala.